Me Ya Koro Ka? Gudun Safe a Tuddan Ijesha

Kwana biyu kun ji ni shiru, a yi mini afuwa, kakar goro ce ta sha kaina. Yau ina so in yi magana a kan abin da mutanen Sabo suka daɗe suna yi mini dariya a kansa, wato gudu. Gudu dai irin na takalmin kambas, wanda mutum zai tashi da asuba lafiyarsa ƙalau, babu wanda ya biyo shi, ya kama hanyar daji yana haki.

Na san abin da za ku ce, don an sha faɗa mini. Babban mutum ba ya gudu. A wurinmu in ka ga magidanci ya sheƙa, to ko dai gobara ce, ko ɓarawo ne, ko kuwa an fara faɗan ƙabilanci. Mu da muke zaune a kurmi mun fi kowa sanin na ukun. Ranar da na fara fita, wani dattijo da muke sahu ɗaya a masallaci ya tare ni a bakin layi, ya riƙe mini hannu ya ce, "Malam, lafiya? Me ya koro ka?" Na ce masa likita ne ya koro ni.

Gaskiya kuwa na faɗa masa. A 2019 likita ya duba takardar gwajina ya ce suga ya hau, hawan jini kuma yana biye. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ciwon suga ne ajalinsa, bayan an yanke masa ƙafar dama. Ni na riƙa ɗaukarsa zuwa banɗaki a shekararsa ta ƙarshe, mutumin da ya taso daga ƙasar Kano yana saurayi ya kafa rumfar goro a Ilesha da ƙarfin ƙafarsa. Don haka da likita ya ce ko in motsa jiki ko in bi sawun tsohona, ban tsaya ja-in-ja ba. Gajeren wando ne kawai na ce ya fi ƙarfin mai 'ya'ya shida, na sayi dogo a gwanjo.

A Sabon Ilesha aka haife ni. Ban da shekarun da aka kai ni Kano karatun allo, duk rayuwata a nan na yi ta. Ina jin Yarbanci kamar jakin Kano da kara, har karin harshen Ijeshawa ina ɗan taɓawa. Amma sai da na fara gudu na gane ashe ban san ƙasar ba. Abin da na sani shi ne Sabo, da kasuwa, da tasha, da titin da motar goro ke bi ta yi arewa. Shekara arba'in da 'yan kai, ina kallon duwatsun nan ta tagar mota kamar hoton kalanda.

Abu na farko da ƙasar Ijesha za ta koya wa mai gudu shi ne ba ta da shimfiɗa. A Kano in an ce dutse, Dala ne da Goron Dutse, sauran kuwa fili ne fetal, ka tashi a keke daga birni har Wudil ba ka sauka ka tura ba. A nan ko dai kana hawa ko kana gangarawa. Satin farko na ɗauki hanyar Ijebu-Jesha da nufin in isa garin, ban ko yi kwatar tafiyar ba na zauna a kan kwalbati ina jin bugun zuciyata a cikin kunne, ɗan acaba ya maido ni gida. Sai da na yi wata huɗu kafin na taka garin da ƙafata. A hankali na koyi cewa tudu ba a yi masa gadara: ka rage tsawon taku, ka daina kallon ƙololuwa, in numfashi ya ƙare ka taka a hankali, ba abin kunya ba ne. Gangare kuma, wanda sabon shiga ke murna da shi, shi ne macucin. Shi ke cin gwiwa, kuma washegari shi ne zai hana ka durƙusawa a sujada.

Da ƙafa ta yi ƙwari sai na gaji da kwalta da hayaƙin tirela, na fara saɓawa cikin hanyoyin gona. To a nan ne abin ya kama ni. Jar ƙasa, raɓa tana jiƙa maka wando har gwiwa, hazo kwance a cikin kwari sai ka ce an zuba madara a ƙwarya, ga gonakin koko da ayaba da kwakwar manja sun rufe hanya har rana ba ta iso ka. Ka haura wani tudun sai kurmin ya buɗe, ka hango rufin kwano masu tsatsa na wani ƙauye a jikin dutse, da hasumiyar tsohon coci, da hayaƙin masu dafa manja. Wasu gidajen benaye ne na ƙasa da tagogin katako, waɗanda aka gina da kuɗin koko tun zamanin Turawa, yanzu tsohuwa ɗaya ce da awaki a ciki, 'ya'yan duk suna Legas.

Abin kunya, ni da na girma a kan huhun goro, a wannan yawon ne na fara tsayawa na kalli goro a jikin bishiyarsa da kyau, kwansonsa kore mai ƙuraje, a cure uku-uku huɗu-huɗu. Na ga matan da ke fasa shi, su jiƙa, su murje farar fatar, su jera a kwando da ganye. A rumfa ni dai farashi na sani, da yadda ake gane wanda ƙwaro ya taɓa. Yarbawa suna da nasu goron na gargajiya mai tsagi uku ko huɗu, abata, wanda muke kira hannunruwa, shi suke kaiwa wajen biki da bauta. Namu mai tsagi biyu kuwa gbanja suke ce masa, wato ɗan Gwanja. Ka ji fa, sunan ƙasar da kakanninmu fatake suke yin watanni a hanya kafin su isa, ga shi a bakin wata tsohuwa a ƙauyen da ko mota ba ta shiga da damina.

Yanzu bari in zo ga ranar da na kusa barin gudun, ko in ce ranar da ya kusa zama ajalina. Farkon 2021 ne. Waɗanda ke zaune a ƙasar Yarbawa ba su manta da lokacin ba: a watan Janairu aka ƙone gidan Sarkin Fulanin Igangan a jihar Oyo, a Fabrairu aka yi rikicin kasuwar Shasha a Badun. Ga satar mutane a manyan hanyoyi, ga kuma samarin arewa da suka cika dazukan wajen Itagunmodi suna haƙar zinare, waɗanda ba su san kowa ba, kowa bai san su ba. Manomi in ya ga baƙuwar fuska a gonarsa, gabansa faɗuwa yake. Ni kuwa da wautata ban sauya komai ba, ina ganin ai ni ɗan gari ne.

Ina gangarowa wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba, gari bai gama wayewa ba, sai na ji an daka tsawa, "Duro!" wato tsaya. Mafarauta uku ne masu sintiri, biyu da bindigar toka, ɗaya da adda. Tambayar farko da suka yi mini ita ce dai ta dattijon masallacinmu, amma da Yarbanci, kuma babu wasa a cikinta: me ya koro ka? Na ce motsa jiki nake. Suka dubi juna. Suka ce daga ina, na ce daga Sabo. Wallahi na ga yadda kalmar ta sauka a fuskarsu. Ɗayan ya karɓi wayata, ita kuwa manhajar da ke auna mini gudu tana buɗe, ga taswira, ga jan layi ya bi ta bayan gonakinsu, ya ratsa rafi, ya zagayo har bakin ƙauyen. Ya matsa baya, ga na jiya, ga na shekaranjiya, ga na makon jiya. Mai karatu, ka sa kanka a matsayinsu. Bahaushe, shi kaɗai, da duku-duku, ɗauke da taswirar duk wata ɓarauniyar hanya da ke shiga garinku. Ko ni ne abin da zan zata ke nan. Hausawa suka ce gudu da waiwaye shi ke kawo mugun zato, ni kuwa har da zane na haɗa.

Suka zaunar da ni a ƙasa. Mutane suka fara taruwa, kuma duk wanda ya taɓa ganin yadda taro ke juyewa ya san ba mai bindigar ne abin tsoro ba, wanda zai fara ihu daga baya ne. Ina ta Yarbanci, amma Yarbancin bai ƙara mini komai ba, wani ma cewa ya yi ai irinsu ne masu kai rahoto. Ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, sai wata tsohuwa da kwando a ka ta kutso, ta sunkuya ta leƙa fuskata, ta ce, "Ha! Omo Alhaji olobi!" Ɗan Alhaji mai goro. Ashe shekara da shekaru tana kai wa mahaifina kaya, ta san ni tun ina zama a kan buhu ina cin ƙosai. Ta juya ta wanke mafarautan tas. Ina murna, sai ta juyo kaina, kuma nawa ya fi nasu zafi. Ta ce wata nawa ke nan tana ganin wani yana wucewa ta ƙofar gidanta kamar iska, ko sannu babu. Ta ce, "Babanka bai taɓa wuce ni bai gaishe ni ba. Kai wa ya rene ka?" Na ce, "Iya, ki yi haƙuri." Ta ce ba ita zan ba haƙuri ba, in tashi mu je wurin baale, wato mai garin.

Na daɗe ina juya maganar nan. An zalunce ni, babu shakka, don da Bayarabe ne ya zo da wayar nan da dariya za a yi a sallame shi. Amma tsohuwar ma ba ta yi ƙarya ba. Yarbawa suna da gaisuwa ga mai zaune, da mai aiki, da mai dawowa daga gona, da wanda ruwa ya daka, ni kuma na mai da ƙauyensu filin wasa. Da Juma'a ta zagayo na koma gidan baale da tsaraba. Na so in kai goro kamar yadda aka saba, uwargida ta ce wane irin mutum ne zai kai goro gidan mai gonar goro, don haka kilishi da dabino na kai. Tun daga ranar na kafa wa kaina doka. Ba na fita sai gari ya waye sarai. Riga mai ruwan lemo nake sawa, wadda za a hango daga nesa, don ɓarawo ba ya ado. In na iso gari sai in daina gudu, in taka, in gai da kowa, "E kaaro, e ku ise o," sai na fita ɗaya gefen in ci gaba. Sabuwar hanya kuwa ba na binta ni kaɗai.

Wannan doka ta ƙarshe ce ta haɗa ni da abokin guduna, wani malamin sakandare Ba'ijeshe mai koyar da tarihi, wanda kowa ke kira Tica. Ya girme ni da shekara biyar amma a tudu sai dai in hango ƙeyarsa. Shi ya fara kai ni Erin-Ijesha, inda ruwan Olumirin ke zubowa daga dutse hawa bakwai. Masu yawon buɗe ido a hawa na ɗaya ko na biyu suke tsayawa su yi hoto. Daga nan sama babu zancen gudu, rarrafe ne da kama saiwa, har ka fito ƙauyen Abake a can ƙololuwa, ka tarar wai ka bar jihar Osun ka shiga Ekiti. Na je sau ɗaya, na gode Allah, gwiwata ta ce kada in ƙara.

Hanyar da ta fi zauna mini a rai ita ce ta Imesi-Ile zuwa Igbajo. Da hunturun 2023 muka je, muka bar mota a Imesi-Ile. Garin a kan tudu yake, duwatsu sun kewaye shi, iskarsa da sanyi. Kafin mu tashi Tica ya ce in tuna katin awon jarirai da ake ba matanmu a asibiti, mai layin da ke nuna ko yaro yana girma. Ya ce a wannan ƙauyen aka ƙirƙiro shi, aikin wani likitan yara Bature, David Morley, wanda ya zo asibitin Wesley Guild na Ilesha a 1956 ya riƙa bin lafiyar yaran Imesi ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'yana shida duk an yi musu katin nan, ban taɓa sanin daga maƙwabta ya fito ba.

Amma abin da ya kai mu shi ne filin yaƙin Kiriji. Tica yana gudu yana ba da labari, ni ina haki ina saurare. A ƙarni na 19 Badun ta mamaye ƙasashen Ijesha da Ekiti, ta zuba musu wakilai da ake kira ajele, masu karɓar haraji da wulaƙanta mutane. Wani jarumin Okemesi mai suna Fabunmi ya sare kan ajelen garinsu, daga nan garuruwan suka haɗa kai a ƙarƙashin sunan Ekitiparapo, Ogedengbe na Ilesha ya zama babban kwamandansu. Yaƙin da aka fara a 1877 bai mutu gaba ɗaya ba sai 1893, shekara 16. Rundunar Badun ta yi sansani ta wajen Igbajo, ta Ekitiparapo ta wajen Imesi-Ile, suka zauna suna kallon juna shekara da shekaru, har sansanonin suka zama garuruwa, ana noma ana haihuwa. Shugaban Badun, Aare Latosa, a sansanin ya rasu a 1885. Sunan Kiriji kuwa daga ƙarar sababbin bindigogi ne, waɗanda Ijeshawa 'yan kasuwa mazauna Legas suka riƙa turo wa 'yan'uwansu, in an harba sai duwatsu su amsa.

Sai ka bi wurin da ƙafa za ka gane dalilin da ya sa aka kasa cin juna. A mota tudu ne kawai, direba ya sauya giya. A ƙafa kuwa, in ka hau rabin hawan nan ƙirjinka yana wuta, ka ɗaga kai ka ga duwatsun da mutum goma za su ɓuya a baya su hana dubu wucewa, ba ka bukatar wani malamin tarihi. Muka tsallaka wani ɗan rafi, Tica ya ce sunansa Fejeboju, ma'ana wanke fuska da jini, don a lokacin ruwan ja yake zama. Na riga na tsoma hannu zan watsa a fuska, na fasa.

A wurin da aka yi sulhu muka zauna muka sha ruwa. Ranar 23 ga Satumba 1886 aka shelanta yarjejeniyar a nan, bayan limaman coci biyu Yarbawa, Samuel Johnson da Charles Phillips, sun yi ta kai-komo tsakanin sansanonin. Gwamnatin Legas ta turo Turawa biyu, Henry Higgins da Oliver Smith. Tica ya dube ni yana murmushi ya ce, "Aboki, ka san su wa suka rako su, suka tsaya da bindiga tsakanin rundunonin biyu? 'Yan'uwanka." Sojojin Hausa na Legas ne, rundunar da John Glover ya kafa a 1863, wadda ita ce tushen sojan Nijeriya. Da yawa daga cikin na farkonsu bayi ne 'yan arewa da suka gudo daga hannun iyayen gijinsu a ƙasar Yarbawa.

Na yi shiru ina kallon wurin. Ashe shekara 137 kafin ni, wasu masu jin Hausa sun hau tudun nan da ƙafa, sun yi haki inda na yi, wataƙila sun yi sallar azahar a kan ɗaya daga cikin duwatsun nan. Na so in yi alfahari, amma abin bai zauna daidai ba. A ƙarƙashin tutar Ingila suka zo. Irinsu ne aka tura suka murƙushe Ijebu a 1892, kuma a 1903 sojojin Bature, Hausawa da Yarbawa a sahu ɗaya, su suka fasa ganuwar Kano. Na faɗa wa Tica haka, ya ce to ai shi ke nan, an yi canjaras, tashi mu tafi kafin rana ta yi. Muka ƙarasa Igbajo a awa biyu da wani abu, muka ci sakwara da miyar agushi, muka hau acaba muka koma inda muka bar mota.

A ƙarshen Maris na 2025, ana shirin ƙaramar Salla, aka tare mafarauta 'yan arewa a Uromi ta jihar Edo suna kan hanyar komawa Kano, aka ce masu satar mutane ne, aka kashe 16. Na ga bidiyon, da ma ban gani ba. Abin da na riƙa tunawa shi ne zamana a ƙasa a ƙauyen nan, da cewa tsohuwar da ta cece ni, da ta makara minti goma wajen ɗaura kwandonta, da wani labarin ake yi. Bayan Salla na nemi takalmina na rasa. Uwargida ta ce, "Malam, ni na ɓoye. Gara suga ya kashe ka a kan gadonka, mu yi maka wanka mu san inda kabarinka yake." Ban iya ba ta amsa ba. Ita 'yar Sabon Ife ce, tana da 'yan'uwa a cikin waɗanda aka ƙone wa shaguna a rikicin Maris na 2017.

Na yi wata ɗaya da rabi ban fita ba. Na gwada zagaya filin makarantar firamare da ke bayanmu, zagaye ashirin, kamar jakin niƙa, na ji raina ya ɓaci. Awon suga ya fara hawa. Ana nan sai direban da ke ɗauko mana kaya daga ƙauyuka ya zo da saƙo daga Iya: wai ina mahaukacin nan mai rigar lemo, ko ya mutu ne ba a gaya mata ba? Na maimaita wa uwargida saƙon. Ba ta ce komai ba. Da asuba na tarar da takalmin a bakin ƙofa, da sharaɗi uku a bakinta: Tica yana tare da ni, waya tana kunne, kuma hanyar wajen masu haƙar zinare ko da wasa.

Ranar Asabar muka gangara ƙauyen. Yara suka biyo mu suna ihu, "Aboki, sare! Sare!" wato yi gudu, ni kuwa na riga na tsaya ina takawa kamar yadda na saba. A bakin gari muka ci karo da ɗaya daga cikin mafarautan nan, wanda ya karɓi wayata, yana dawowa daga daji da gafiya biyu a rataye. Ya ce kwana biyu. Na ce azumi ne da 'yan hidindimu. Ya dube ni, na dube shi, kowa ya san ba azumi ba ne. Ya sa hannu a jakarsa ya ciro lemo biyu ya miƙo mana, ya ce ruwan sama ya cinye gadar katakon da ke gaba, mu bi ta gonar koko ta hannun hagu.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, Tica yana so mu gwada hawan Efon-Alaaye. Na ce masa sai ya fara nemo wanda ya san baalen ƙauyukan da ke hanyar, kuma sai na ji abin da gwiwata ta ce. Wanda yake Ilesha ko Oshogbo yake son ya biyo mu, ya neme ni a rumfa bayan la'asar. Ya zo da takalmi mai kauri, dutsen nan ba ya jin silifa.